Mai Duba Mita Ya Rubuta Littafi

Babana ya yi shekara talatin da ɗaya yana duba mitar ruwa. Aikin ke nan: ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya yi sallama, a ce wane ne, ya ce mai mita ne, a shanya shi a rana sai an ga dama. In an buɗe ya durƙusa a gindin katanga, ya ɗaga murfin ƙarfe, ya share gilashin da babban yatsa, ya haska tocila ko da rana tsaka ce, ya kwafi lambobin a kati, ya mayar da murfin. Gwiwar wandonsa ta dama ce kullum ke fara mutuwa. Inna ta gaji da faci, ta koma sa tela ya ninka wurin tun wandon yana sabo. Unguwa huɗu ya riƙe, ya san karen kowane gida da halin matar kowane gida. Sunansa ya ɓace a hanya, har surukansa Baba Mita suke ce masa, kuma yana amsawa.

Ba mutum ne mai yawan magana ba, kuma bai iya musu ba. Yakan ce mutum zai rantse maka wata guda bai buɗe famfo ba, ga wanki a shanye har kan katanga. Muna yara mukan tambaye shi me yake ce wa irin waɗannan.

"Ba na ce musu komai," in ji shi. "Na duba, na rubuta, na wuce."

Akwai kuma masu taɓa mita, su kwance ta su juya lambobin baya, su mayar su ɗaure. Ya ce waɗannan sun fi sauƙin ganewa, domin in sun gama sai su goge ta tas don kada a ga sawun hannu. Mitar gaskiya kuwa ƙura ce da saƙar gizo a kanta. Da ya ga wadda ta cika tsabta sai ya rubuta an taɓa a gefen kati, ya yi wa masu gida sallama da fara'a, ya tafi.

Da ya yi ritaya mun ɗauka barci zai rama. Sai ya sayo littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, ya shige ɗaki, ya yi shekara biyu yana cika su da biro. Ni dai na ɗauka takardun ƙorafin fansho ne. Ashe labaran gidajen da ya shiga yake rubutawa, gida-gida, ba suna ba lamba. Ya kai aka buga masa a kwamfuta, ya ɗauki kuɗin sallamarsa ya nufi wata ƙaramar maɗaba'a da ta saba buga katin gayyata da kalanda. Aka fito da littafi mai shafi ɗari da sittin da huɗu, kwafi ɗari biyar, an sa masa suna Shekara Talatin A Bakin Ƙofa. Shekara ɗayar da ta yi saura ya ce a bar ta, sunan zai yi tsawo. Katan goma aka sauke a barandar gidanmu. Inna ta zagaya su sau biyu, ta shimfiɗa musu tsohon zani, ta ɗora fulas ɗin shayi a kai.

Akwai abin da ban sani ba sai bayan shekara biyu, amma gara in faɗe shi tun yanzu. Wuƙar injin yanka ta kuskure saman takardun. Daga shafi na arba'in da ɗaya har ƙarshe, takardun a manne suke bibbiyu ta sama, ba yadda za a yi mutum ya karanta abin da ke tsakani sai ya sa reza ko wuƙa ya raba su. Mai maɗaba'a ya gani tun ranar da za a kwashe, ya ba da haƙuri, ya ce a bar masa su kwana biyu ya sake yankewa. Baba ya juya littafin a hannu, ya zura yatsa tsakanin takardu biyu. Can ya ce a bar su haka. Mai maɗaba'a ya ɗauka kara aka yi masa, ya yi ta godiya. Bai san mutumin ya samu mita ba ne. Duk kwafin da ya fita, in Baba ya ɗauka ya murza gefensa da yatsa, zai san ko an karanta, zai kuma san inda aka tsaya. Inna kaɗai ya gaya wa, ita kuwa idonta ya daina ganin ƙananan baƙaƙe tun tuni.

Ni ce auta, ni ce kuma mai sayar da jakunkuna da takalma ta waya, saboda haka ba tare da an yi shawara da ni ba aka naɗa ni shugabar talla. Na karɓa da cika baki. Na ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa, wanda ya iya sayar da takalmi lamba arba'in da biyu ga mace mai sa talatin da tara, littafi ba zai gagare shi ba. Ya ba ni kwafina, ya rubuta Ga Auta a shafin farko da irin rubutun nan nasa na cike kati. Na karanta gabatarwa da labari na farko a cikin motar haya. Na ji Baba ne dai yake magana, yadda na saba jin sa, na ce zan dawo in ƙarasa. Na ɗora shi a kan kanta a falona, kusa da talabijin, inda duk wanda ya shigo zai gani.

Muka fara da taron ƙaddamarwa a ɗakin taro na wata makarantar firamare. Kujera ɗari muka yi haya, na ƙirga mutum ashirin da uku har da mai lasifika. Tsofaffin abokan aikinsa ne suka fi yawa, sun zo a guje don su ga ko an sa su a ciki. Wani malamin sakandare da muka roƙa ya yi sharhi ya tashi ya yi minti ashirin a kan muhimmancin karatu da yadda waya ta lalata matasa, ya ce wannan littafi taska ce, ya zauna. Da aka watse ya manta kwafinsa a kan tebur. Na ga Baba ya ɗauka ya murza gefensa, ya sa a jaka. A raina na ce tsoho da tattali.

Daga nan sai shagunan littattafai. Ni da shi muka bi su, ina gaba yana biye da jaka. A na farko mai shago ya juya littafin gaba da baya kamar mai sayen kaza.

"Baba, yana cikin manhaja?"

"A'a."

"Ana jarrabawa a kansa?"

"A'a."

"Na soyayya ne?"

Baba ya yi ɗan tunani, ya ce akwai mutanen da ke son juna a ciki, amma ba su faɗa ba.

"To wane layi zan sa shi? Ka ga nan na makaranta, nan na addini, nan na soyayya. Ba ni da layin mita."

A ƙarshe ya ce a bar biyar, in sun tafi zai kira. Ya tura su ƙasan kanta tsakanin kwalaben gam da kwalin alli. Sauran shagunan ma kusan haka aka yi, sai dai wani ya karɓi uku, wani ya ce mu dawo bayan an koma makaranta, da muka dawo ya ce ai yanzu lokacin littattafan makaranta ne.

Na nema masa shiga wani gidan rediyo, shirin safe na rabin awa. Ya sa sabbin kaya duk da na gaya masa ba a ganin mutum. Mai gabatarwa ya faɗi sunan littafin sau ɗaya, ya ji baƙon nasa tsohon ma'aikacin ruwa ne, ya buɗe layi. Mutum tara suka kira. Takwas sun tambayi dalilin da ya sa famfonsu ya ƙafe, ɗaya ya gai da matarsa. Baba ya amsa musu ɗaya bayan ɗaya da haƙuri, har ya koya wa wata yadda za ta gane bututunta na yoyo a ƙarƙashin ƙasa.

A waya kuwa na yi iya yina, ba zan rage wa kaina wannan ba. Na ɗauki hoton bangon a kan farin zani da kofin shayi a gefe. Na rubuta: littafin da in ka ɗauka ba za ka iya ajiyewa ba sai ka kai ƙarshe. Na watsa a duk guruf ɗin da nake, har na iyayen yaran makarantarmu, inda aka yi min gargaɗi. Addu'a dai mun sha ta. Allah ya ƙara basira, Allah ya sa a fi haka, muna alfahari da Baba. Masu tambaya kuma abu ɗaya suke tambaya, ko za a turo musu ta waya su karanta kyauta. Na sa shi ya riƙe littafin na ɗauke shi bidiyo, sau goma sha ɗaya muna sakewa, domin da na ce fara sai ya ƙame kamar mai hoton katin shaida. Bidiyon ya zaga, mutane sun yi dariya son ransu. Wani ya rubuta a ƙasa cewa wannan tsohon ne ya yanke musu ruwa ana gobe bikin ƙanwarsa, alhali Baba bai taɓa riƙe sifana ba, masu yanka ofishinsu daban.

An sayi 'yan kaɗan. Wanda aka bayar kyauta ya ninka su, domin kowane ɗan uwa gani yake raini ne a ce ya saya. Katan biyu suka ƙare a shekara biyu, takwas suna nan a ƙarƙashin zanin Inna.

Abin da Baba ya koma yi shi ne zagaye. Makon farko na kowane wata, kamar yadda ya saba a bakin aiki, sai ya rataya tsohuwar jakarsa ya fita tun da safe. Ya bi shagunan, ya bi ɗakin jira na asibitin unguwa inda ya bar kwafi biyu, da kemis, da shagon mai aski, da ɗakin karatu na makarantar da muka yi taro, da gidajen dangi da abokan aiki. Duk inda ya je za a ce masa littafi ya yi, an ji daɗinsa, har wani ya ce ya kwana yana karantawa. Shi kuma ya ce a ɗan nuna masa kwafin, ya murza, ya ce madalla, ya mayar. In ya dawo Inna ta ce, "Yaya?" ya ce, "Yana nan yadda na bar shi," ya cire takalmi.

Sau ɗaya, in ji Inna, ya dawo da sauri har yana tuntuɓe a bakin ƙofa. Ya tarar da kwafin shagon mai aski a yanke tun daga arba'in da ɗaya har ƙarshe. Ya kasa tambaya a ranar saboda akwai mutane. Kwana uku yana cin abinci da ƙari. Da ya koma ya zauna a kujera, aka ɗaura masa ƙyalle, ya ce a hankali, "Na ga ka raba shafukan." Mai aski ya ce ai shi hannunsa ba ya iya ganin abu a manne ga reza a kusa, wata ranar da ba kasuwa ya zauna ya bi su duka. "Amma karatu, Baba, sai dai in Allah ya kawo hutu." Baba ya ce madalla, aka ƙarasa masa askin.

Gidana ne ƙarshen zagayen, Asabar ta farko a wata. Ya zo, jikoki su hau shi, in kawo shayi, in zayyana masa mutum nawa suka ga tallan wannan makon. Yana saurare yana gyaɗa kai. Kafin ya tafi ya miƙe ya ɗauki kwafina a kan kanta, ya murza gefensa, ya ce madalla, ya mayar daidai inda yake. Ni ina kallonsa ina jin tausayi, ina cewa a raina marubuci da son ganin abinsa. Sau ashirin da wani abu ya yi haka a gabana.

Ranar da na sani, na je maɗaba'ar ne in buga 'yan takardun talla da za mu liƙa a bakin asibiti. Mai maɗaba'a yana jiran inji ya yi zafi ya ce, "Har yau dai ba wanda ya kawo ƙorafi a kan shafukan nan ko?"

Na ce waɗanne shafuka.

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya jawo kwafin da ya ajiye na samfuri, ya buɗe bayan tsakiya, ya zura yatsa ya ɗaga min. Ya ba ni labarin yadda suka yi da Baba, yana yabon haƙurinsa. Ni kuma ina tsaye ina ce masa eh, haka ne, ai Baba akwai haƙuri. Ban ji kunya ba a lokacin, ban ji komai ba. Na karɓi takarduna na fito, na wuce tashar motar da tafiya mai nisa kafin na lura.

Ranar Alhamis ce, Asabar ɗin zagaye saura kwana biyu. Mai hankali zama za ta yi ta fara karatu, ko shafi ashirin ta samu ta yanka da gaskiya. Ni kuwa lissafin 'yar kasuwa na yi. Ina shiga gida na ɗauko wuƙar kicin mai kaifi, na kwantar da littafin a kan tebur, na bi shi daga arba'in da ɗaya har ƙarshe. Minti goma bai cika ba. Na hure garin takardar, na sa tsumma na goge bangon da ƙurar da ta kwanta a samansa, na goge kantar ma, na mayar da shi.

Asabar ya zo. Jikoki suka hau shi, na kawo shayi, ban yi zancen talla ba. Da ya tashi tafiya ya ɗauki littafin ya murza. Takardun suka zubo ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Na ga yatsansa ya tsaya. Ya matsa kusa da taga, ya duba saman littafin inda aka yanka, ya duba ƙashin bayansa da ko karaya ɗaya babu, ya shafa bangon ya dubi yatsansa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Wuƙarki tana da kaifi."

Na fara kwashe kofunan shayi.

"Ya yi tsabta," ya ce. Ya mayar da shi daidai inda yake, ya nemi takalminsa. A bakin ƙofa ya ce in gai da maigidana in ya dawo, da fara'arsa, ya tafi.

Madallar nan da yake ba kowa, ranar bai ba ni ba.

Watan da ya biyo bai fita zagaye ba, haka na bayansa. Jakar tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa. Bai yi fushi da ni ba, da ya yi da na samu abin riƙewa. Yana zuwa gidana in an kawo shi, yana wasa da yara, yana shan shayi. Idonsa ne kawai ba ya zuwa wajen kantar. Inna ce ta gaya min sauran, muna tsinke ganye a tsakar gida, ba tare da ta dube ni ba. Ta ce duk shekara biyun nan, in ya dawo ya ce yana nan yadda na bar shi, yakan ƙara da cewa Auta dai hidima ce ta yi mata yawa, za ta kai wurin.

Na karanta littafin a makon da Inna ta gaya min, na sake karantawa. Ba zan ce taska ce ba, wannan kalmar malamin sharhi ta riga ta lalace. Akwai inda ya ja zance, akwai labarin da bai san inda zai tsaya ba. Amma a shafi na casa'in da wani abu akwai wata tsohuwa da 'ya'yanta suka watse, wadda mitarta ke bayan gida, ta biya aka dawo da ita bakin ƙofar ɗakinta, don in ya zo dubawa ta samu wanda za ta ce wa ina kwana. Shekara shida yana zuwa, bai taɓa zama ba, amma yakan daɗe yana share gilashin. Ni da na girma a gabansa ban san ya iya ganin irin wannan ba.

Na je na same shi a baranda, a kujerarsa kusa da katan-katan ɗin. Na ba shi labarin tsohuwar tun daga farko, har launin ƙofarta, don ya san ba shaci-faɗi nake ba. Ya saurara kamar ana ba shi labarin littafin wani.

"Haka na rubuta?"

"Haka ka rubuta, Baba."

"To, Allah ya yi albarka."

Ya juya ya tambayi Inna ko an kawo wuta.

Na ɗaga zanin na ɗauki sabon kwafi daga katan na uku, na tafi da shi gidana. Wannan karon da reza a gefe na karanta shi, ina zuwa wurin da ya manne in raba, wani wurin ya yanku karkace, wani na yage da yatsa don rezar ta faɗa ƙarƙashin kujera. Ƙaramar 'yata ta zuba masa shayi a wajen shafi na saba'in. Bayansa ya karye gida uku. Na ajiye shi a kan ɗan teburin da ke gefen kujerar da Baba ke zama in ya zo, inda hannunsa zai kai ba sai ya miƙe ba.

Tallan ban daina ba, duk ranar Litinin ina sa hoton a waya, ana ta Allah ya ƙara basira. Wata bakwai ke nan littafin yana kan teburin. In na kawo shayi Baba yakan matsar da shi gefe da bayan hannu, a hankali, don ya samu wurin ajiye kofi.